Lauyan da Ya Ƙi Lauyawa

"Ka ajiye takardar nan, Barista."

"Shafi ɗaya ya rage, Sista."

"Ni hannunka nake so, ba shafi ba."

Lauyoyin da ke layi suka kwashe da dariya. Wani mai furfura ya ce, "Anwar, miƙa mata! Yau hannu, gobe zuciya."

Kunya ta rufe Muhsina, ta sunkuyar da kai tana ɗaura masa abin awon jini. Ƙungiyar lauyoyin Kaura Namoda ce ta ware ranar don a duba lafiyar 'ya'yanta, aka kafa rumfa a harabar kotu, aka gayyato ma'aikatan jinya uku daga Shinkafi. Ita ce ƙaramarsu.

Ta dubi lambar awon, ta sake dubawa.

"Ɗari da sittin bisa ɗari. Shekarunka nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Yaushe rabonka da abinci?"

Ya hau lissafi, kamar mai shaida da aka titsiye. "Jiya na sha shayi."

"Shayi ba abinci ba ne."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Idanunsa jajur suke don gajiya, amma akwai wani sanyi a cikinsu da ya sa ta manta inda ta ajiye bironta.

Ya karɓi lambar wayarta, wai don tambayar magani. Washegari saƙo ya shigo:

"Salam, Mai Awo. Na ci tuwo malmala biyu. Ina roƙon kotu ta sassauta min."

Ta amsa: "Kotu ta ji, Ɗari da Sittin. An ɗage zama sai ka yi barcin awa bakwai."

Sunayen nan biyu suka bi su. Cikin wata huɗu Muhsina ta san abin da ke hawar masa da jini. Yau yana Zurmi yana tsaya wa wata mata da aka kashe mijinta, dangi suna neman raba ta da gonar marayunta. Gobe yana Moriki kan wani makiyayi da aka tsare saboda sunansa ya zo ɗaya da na wani da ake nema. Kowa ya zo ya sauke masa damuwarsa ya tafi da sauƙi, shi kuma ya kwana da ita. In ya yi nasara a ce ikon Allah, in ya faɗi a ce ya ci amana.

"Ba wanda ya taɓa tambayata ko na ci abinci," ya ce da ita wata rana, "sai ke."

Ranar ta yi kuka ta yi dariya duk a lokaci ɗaya.

Matsalar tana Katuru, a gidansu. Mahaifinta, Malam Hayatu, manomin dawa ne mai kaifin harshe. Da mahaifiyarta, Inna Tabawa, ta kai masa maganar, ko alwalar da yake yi bai ƙarasa ba.

"Mi kika ce aikinai?"

"Lauya ne, Malam."

"To ai sunan ya gama magana! Lauya. Ya lauya gaskiya ta koma ƙarya, ya lauya ƙarya ta koma gaskiya. In ba shi ɗiyata ya lauya min ita? Kar ma ya tako ƙofar gidan ga."

Muhsina ta leƙo daga ɗaki. "Baba, kalmar fa ta Turanci ce, ba ta da alaƙa da..."

"An gaishe ki, 'yar boko."

Ta koma ɗaki. Duk Katuru an sani, in Malam Hayatu ya ce "an gaishe ka", magana ta mutu.

Ga kuma Saminu, ɗan goggonta mai fataucin shanu, wanda ya daɗe yana son ta. Kullum yana zaure yana gyaɗa wa Malam kai. Musamman kan rikicin iyaka da ke tsakanin Malam da ƙanensa, Baffa Alamin. Ciyawar gamba da ta raba gonakinsu ambaliya ta tafi da ita shekara biyu da suka wuce, Malam ya sake dasa wata, Baffa ya ce an ci masa kunya uku daga gonarsa. Tun daga nan 'yan'uwan ba sa ko gaisawa.

"Kawu, kai ke da gaskiya," in ji Saminu kullum. "Ko kunya goma ka ce, taka ce."

Wata Talata Malam ya sa babbar riga ya ce zai je Kaura neman taki. Muhsina tana asibiti bayan azahar saƙon Anwar ya shigo wayarta.

"Mai Awo, yau na sha faɗa. Wani dattijo ya zo ofis, bai ko faɗi sunansa ba. Ba zan gaya miki maganarsa ba, sirrinsa ne. Amma ya so in tsaya masa kan abin da na ga ba haƙƙinsa ba ne, na ce ba zan iya ba, ya je ya nemi sulhu. Ya harare ni, ya harari burodin da ke kan teburina tun safe, ya ce min, 'An gaishe ka, ɗan boko,' ya fita."

Wayar ta kusa suɓuce mata. Ta rubuta:

"Yana da sanda mai kan azurfa?"

"Eh. Ya aka yi kika sani?"

"Anwar, BABANA NE."

Ta ga alamar yana rubutu. Sannan:

"Ki zo da abin awon nan. Ina jin na kai ɗari biyu."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Shi ke nan, ta ce a ranta. Mutumin da bai taɓa yarda an ce masa ya yi kuskure ba, yau wanda ke neman 'yarsa ya faɗa masa ido da ido.

"Da ka sani, da ka sassauta?" ta tambaye shi.

"Da na sani, da na ba shi kujera mafi kyau, na durƙusa. Amma amsar ba za ta sake ba, sanyin idona. Ki yafe min."

Ta karanta saƙon ya fi sau goma. Abin da zai raba su ne, kuma shi ne ya sa ta ƙara son sa.

Kwana uku suka wuce. Rana ta huɗu Malam ya ɗauki fartanya ya fita tun da hantsi, bai dawo ba sai la'asar, ƙafafunsa duk laka. A bayansa kuwa, Inna Tabawa ta saki muciya: Baffa Alamin ne, suna tafe suna gardama kan wanda ya fi wani tsufa a fuska.

"Tabawa," in ji Malam, "a aika wa yaron nan na Kaura ya zo ran Asabar."

Ran Asabar Muhsina ta laɓe bayan ƙofar zaure. Anwar na durƙushe, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Baffa na gefe, Saminu ma ya hallara da sabuwar hula.

"Ka gane ni?" in ji Malam.

"Na gane ku, Baba."

"Tambaya uku kay yi min. Ina tsohuwar gamba take, wa ya ga sadda na dasa sabuwa, kuma ko na tona na duba saiwar ta da. Na ji haushinka ƙwarai. Amma na tafi na tona." Ya nisa. "Saiwar tana nan, kunya uku cikin abin da nike cewa nawa. Shekara biyu ina noma haƙƙin ƙanena."

Saminu ya gyara zama. "Ai Kawu, ni dama na daɗe ina ganin kamar..."

"Kai, rufe min baki! Kai da ka ce ko kunya goma tawa ce? Ashe mai lauyawar yana zaurena yana shan furata, ni ina can ina neman shi Kaura."

Baffa ya tuntsire da dariya har da buga ƙafa. Saminu ya cire hular yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki.

Malam ya juya ga Anwar, muryarsa ta yi laushi. "Na je in kama ka da ƙarya, kai ka kama ni. Allah Ya yi maka albarka, Ya yi wa masu irin aikinka. Sai dai abu guda ya dame ni. Burodin nan da na gani, ka ci shi kuwa?"

"Ban samu sarari ba, Baba."

"Na sani. Mai ɗaukar kayan mutane haka, in ba a kula da shi ba, faɗuwa zai yi da kayan duka." Ya ɗaga murya. "Ke mai laɓe! Ina ganin ƙafarki. Jininsa nawa yanzu?"

Muhsina ta rufe fuska da mayafi. "Ɗari da talatin, Baba."

"Madalla, aikinki na kyau." Ya buga sandarsa a ƙasa, ya dubi ƙanensa. "Alamin, kai ne waliyyi, ka shaida. Na ba Anwar Muhsina, ɗaurin aure Juma'ar farko bayan an yanke dawa. Sharaɗina ɗaya: duk Asabar ya rufe ofis, ya bar takardu can, ya zo nan ya ci tuwo a gabana. Allah Ya sa albarka, a shafa Fatiha!"