Rediyon Alhaji da Fankar Goro

Ranar da Zubair ya fara ganin Mardiya, yana kan tsani ne a rumbun goron babanta a Sabo. Ya zo ɗaura wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda za ta riƙa auna zafi tana kunna fanka da kanta. Mardiya ta kawo masa ruwa ta ce, "Injiniya, wannan kwalin ashanar ne zai yi gadin goron Baba?" Wallahi saura ƙiris ya faɗo.

Ba a jima ba, ita ta koma "Hasken idona", shi kuma "Injiniyana". Babanta Alhaji Isiyaku ma har ya fara yabon yaron.

Sai rawar kai ta ɗebi Zubair. Ya sabunta manhajar da ke tada na'urar, wai zai burge suruki. Aka kashe aka kunna, shiru kake ji! Jar fitila kawai, fanka ko motsi. Ga zafi, ga kwandunan goro har rufi.

"Abu yana aikinsa lafiya ka taɓa shi?" in ji Alhaji. "Kada in sake ganin ƙafarka a nan. In goron nan ya lalace, ka manta da 'yata."

Jamil mai shagon waya a Mokola, wanda ya daɗe yana shawagi a kan Mardiya, ya samu ƙofa. "Alhaji, abeg, don Allah a jefar da na'urar nan, gobe ni zan kawo sabuwa."

Mardiya ta sha kukanta, ta share ido, ta tura saƙo: "Injiniyana, ƙafarka aka hana, ba a hana hannuna ba. Oya, maza faɗi, me zan yi?"

Zubair ya aiko ɗan okada a kan babur da wata igiya mai wayoyi uku. "Hasken idona, soka su yadda na zana miki, ki haɗa da laptop ɗinki. Kafin na'urar ta tashi takan rubuta abin da take nema. Ɗauko min hoto."

Ta haɗa, ta kunna. Rubutu ya zubo, ya tsaya cak. Ta sake kunnawa, nan dai ya sake tsayawa, ta ɗauki hoto ta tura masa.

Amsarsa ta shigo: "Ikon Allah! Sabuwar manhajar tana fara leƙa ramin USB kafin ta duba katinta. Me aka soka a wurin?"

Ta leƙa. 'Yar rediyon Alhaji ce ta sauraron wa'azi, mai kati a ciki. Ashe kullum a nan yake cajinta! Tsohuwar manhajar ba ruwanta da ita, sabuwar kuwa ta liƙe mata tana neman tashi daga cikinta.

Ta zare, ta kunna. Koriyar fitila ta ƙifta, fanka ta ɗauka fuuu! Ihun murnarta ya sa Alhaji shigowa da gudu. Ya dubi fanka, ya dubi rediyonsa a hannunta.

"Wato ni ne?"

"Ku biyu ne, Baba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kira min ja'irin nan ya zo ya ƙarasa aikinsa."

Goron rumbun nan aka raba ranar ɗaurin aurensu, jajir, ko ɗaya bai yanƙwane ba. Da aka buɗe akwatin farko na lefe kuwa, sabuwar caja aka tarar a sama, an ce ta Alhaji ce. Ya juya ta a hannu, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Amma Zubair, gidan nan naku in yana tafiya daidai, kada ka sabunta komai."