Zaman Gareji

Na karanta littattafan shugabanci da yawa, don wanda matarsa ta mutu ba ya rasa lokaci. Babu wanda ya koya mini abin da ƙaninta, Auta, ya koya mini.

Kamfanin motocin haya suka gada, ita da wansu da shi. Kowace safiya ana zama a gareji kan tsofaffin tayoyi, kuma ko mai wankin mota ne ya ce a'a, mota ba ta fita. In wansu ya yi tari, sai a gyaɗa kai. In Auta ya kawo shawara, matata ta ce, "Auta, sha ruwa tukuna," a kwashe da dariya. Dariyar nan ta ci shi kamar gara.

Sai Auta ya tafi wurin wani boka. Ɗakin bokan ba taga. Toka ce shimfiɗe a ƙasa, ga busassun harsunan dabbobi rataye a igiya kamar shanya.

"Dukiya nake so, kuma maganata ta danne ta Yaya."

"Me ka kawo?"

"Faɗi kuɗinka."

"Kuɗi? Ni kalmar a'a nake saya. Ka sayar mini da ta duk wanda ke kewaye da kai."

Auta ya yi dariya. "Ai kayan da nake neman kai da su ke nan."

Boka ya ɗora masa harshen akuya a kan nasa, ya ce haɗiye.

Daga ranar, zaman gareji ya zama amshin shata. Motoci suka ninka, Auta ya yi bene, wansu ya koma riƙe masa ƙofa.

Sai ɗan Auta ya kwanta da zazzaɓi. Auta ya ce ba sai an je asibiti ba. Uwar yaron tana kuka ta ce, "To." Tun da aka binne shi take shanya rigunansa tana kiransa.

Ranar da bakanike ya ga birkin babbar bas yana yoyon mai, Auta ya ce za ta kai. Ya dubi matata. "Shiga ki raka su, sarkin gardama." Ina tsaye. Idonta ya ce a'a, bakinta ya ce, "To." Bas ɗin ba ta kai ba, matata ba ta dawo ba.

Yanzu garejin kango ne. Auta na zaune kan taya da tsumma a jiki, yana kama rigar masu wucewa. "Don Allah ka musa mini! Ka ce ƙarya nake!"

Jiya tawa ya kama. Na buɗe baki in tsine masa, na ji na ce, "To."

Kai mai kwaɗayin kujera, wanda ke ce maka a'a shi ne birkinka. Kada ka kai shi kasuwa.