Taku na Bakwai

Da hantsin Talata wata mata ta shigo caji ofis ɗin da ke karɓar ƙararrakin yara a birnin Recife. Ko zama ba ta yi ba, ta dire waya a kan teburin Sufeto Dalva Tenório.

"An saci tafiyar 'yata, ranki ya daɗe."

Dalva ta ture kofinta gefe ta duba. Zane ne mai motsi, gajere: wata agwagwa tana tahowa tana jan ƙafar hagu, an ɗora mata kiɗa da dariyar mutane, a ƙarshe ta kife da baki. Shafukan da ke tsinto zanuka masu burgewa a intanet sun yi ta yaɗa shi suna yabon gwanintar mai zanen. Mutum miliyan biyu sun kalla. Sunan bogi ne a jiki.

Matar, Rosenilda, a tsaye ta yi bayani. 'Yarta Luzia shekararta shida, da matsalar ƙafa aka haife ta, sai da aka yi shekara uku ana gashin ƙashi kafin ta taka ba a riƙe ta ba. 'Yan ajinsu ne suka fara gane agwagwar, suka dinga bin ta a baya suna kwaikwayon kukanta. Yau kwana tara Luzia ba ta sauko daga keken guragu ba, ko banɗaki sai an ɗauke ta. Likita ya ce idan ta ƙara mako biyu a zaune jijiyoyin za su ƙage, a koma farko.

Dalva ma uwa ce, tata 'yar a watan jiya ta fara tatata. Ta danne abin da ya taso mata, ta ce masu ɗingishi suna da yawa a duniya, me ya sa ta tabbata Luzia ce?

"Dubi fiffikenta. Duk taku uku sai ta taɓa gwiwa sau biyu. Likita ne ya koya wa 'yata haka don ta tuna ta miƙe ƙafar. Wace agwagwa ce take zuwa asibiti?"

Ta ƙara da cewa ita ma a harkar take: tana saka launi a wani ƙaramin kamfanin zane mai motsi, kuma can Luzia ke jiran ta kullum bayan an tashi daga makaranta.

Tare suka je kamfanin. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai wainar rogo. Teburi huɗu, fanka ɗaya, wayoyin lantarki ko'ina. Mai kamfanin, Seu Genivaldo, dattijo mai ƙaton tabarau, ya rantse a gidansa ba mai wannan aika-aika. Wanderley, mai zanen da Luzia ke kira Kawu tun tana rarrafe, ya ce shi har kuka ya yi da ya gani, ya ba da shawara a binciki malaman makaranta. Taís, budurwar da ke kusa da taga, ta ce ita ko ganin zanen ba ta taɓa yi ba.

Dalva ta juya mata fuskar waya. Ga sunanta nan cikin waɗanda suka yaɗa.

"Kin yaɗa shi ido rufe ke nan?"

Taís ta sunkuyar da kai. Ta ce ta tura shi ne kafin ta gane wace ce, da ta gane kuma kunya ta hana ta magana. Dalva ta ce kunyarta ba za ta tayar da yarinya daga keke ba, idan tana son ta yi amfani to ta kalli zanen da idon sana'a ta faɗi abin da ta gani.

Taís ta rage masa gudu, ta kalla sau uku. Ta ce wannan ba da ka aka zana shi ba. Bidiyon mutum aka shimfiɗa a ƙasa, aka bi sawunsa hoto bayan hoto. Ta tsayar a wani wuri.

"Ga shi. A taku na bakwai agwagwar ta kauce, alhali ba komai a gabanta. Mai zane da ka ba zai yi haka ba. Mai bin sawu kuwa, har abin da bai lura da shi ba yana kwafewa."

Dalva ta koma bakin ƙofa. Ta sa Rosenilda ta taho da irin takun 'yarta, ƙanana. Ɗaya, biyu, uku. A na bakwai ƙafarta ta ci karo da wata tsohuwar jonar lantarki da ke yashe a tsakiyar hanya.

"Shekara guda ina cewa a ɗauke abin nan kada ya kayar mini da yarinya," in ji Rosenilda.

To a ɗakin nan aka ɗauki bidiyon. Saura daga ina. Agwagwar gaba da gaba take tahowa, tana kallon mai kallo. Dalva ta zauna a teburan ɗaya bayan ɗaya, waya a hannu, Rosenilda na maimaita tafiyar. Daga na Genivaldo ƙeya kawai ake gani. Daga na Taís, gefe. Daga na Wanderley, fuska ce sosai, daidai da zanen.

Wanderley ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai makon jiya ya dawo teburin.

"Kai, ji tsoron Allah," in ji Genivaldo. "Shekara biyar kana nan ka tare mana fanka."

Kafin la'asar takardar izinin bincike ta iso. Wanderley ya goge bidiyon daga wayarsa, amma mai zane ba ya iya zubar da fayil ɗin aikin da ya yi masa suna. Taís ta same shi a kwamfutarsa, ta buɗe. Aikin hawa-hawa ne, zane a sama, abin da aka bi a ƙasa. Dalva ta ce ta ɗauke agwagwar.

Sai ga Luzia cikin rigar makaranta, tana tahowa tana murmushi, ta taɓa gwiwa, ta kauce wa jonar, hannunta riƙe da takardar da ta yi wa Kawu zane. Ta iso har gaban teburin ta miƙa masa.

Ba ta faɗi ba.

Dalva ta juyo a hankali. "Faɗuwar daga ina ta zo?"

Bakin Wanderley ya buɗe. Ya ce shekara goma yana zane ba mai waiwayarsa. Tafiyar Luzia tana da wani nauyi da hannu ba zai iya ƙirƙira ba, shi kyanta ya gani. Da farko ya saka ba faɗuwa, mutum arba'in suka kalla. Sai ya ƙara faɗuwar da dariyar.

"Ban sa sunanta ba, Rosa. Wallahi ban zaci za a gane ba."

"Kai ka riƙe mata hannu ran da ta fara taku," Rosenilda ta ce. "Kada ka sake kiran sunana."

Dalva da kanta ta sa masa ankwa, kuma ba ta sassauta ba. Ta gaya masa dokar kare yara ba ta tambayar ko an sa suna, ta miƙa shi ga kofur ɗin da ya rako ta. Aka sauko da shi ta gaban mai wainar rogo, 'yan layi na kallo.

Rosenilda ta tsuguna ta zare jonar, ta nannaɗe ta jefa a kwandon shara. Sannan ta roƙi a ba ta bidiyon na ƙasa. Dalva ta ce shaida ce, sai an shigar da ita, kuma me za ta yi da shi?

"Luzia ta kalli agwagwar nan har ta yarda faɗuwa take yi. Zan nuna mata ta isa har teburin."

Dalva ta cike takardun a ranar, ta kai mata kwafi da hannunta.

Ranar Juma'a, tana shanya kayan 'yarta, saƙo ya shigo daga Rosenilda. Ba hoto, ba bidiyo. Rubutu ne kawai: "Taku huɗu."