Kwaɗon Famfon Jibrin

Da almuru abin ya fara, lokacin da masunta ke hawowa daga bakin ruwa, kaji na shiga akurki. Hamdiyya ɗiyar Jibrin ta ɗebi ruwa a moɗa, ta kai baki, sai ta ga moɗar a bushe ƙayau. Ta sake ɗiba. Haka dai. Sai dutse ya faɗo bisa kwanon ɗaki, wani ya biyo shi, alhali babu kowa a bayan katanga.

Jibrin ɗin nan mai rijiyar burtsatse ne a Wara. Tun zamanin da tafki ya cinye tsohon ƙauyensu, kakarsa ta taso da randa guda a ka, ta girke ta a ƙofar sabon gida, ta bar wasiyya kada a bar ta ba ruwa, kuma kada a tambayi mai sha ko shi wane ne. An yi ta cika ta har Jibrin ya haƙa burtsatse. Daga nan ido ya buɗe. Ya sa wa famfo mita, ya garƙama masa kwaɗo, ya ce randa asara ce, ya kife ta a bayan rumbu. Har tsohuwa Jummai, maƙwabciyar da ta goya shi yana jinjiri, ta zo da ɗan tulunta ya nuna mata mita. Kai, wannan rowa Allah ya raba mu da ita!

Hamdiyya ta kwana ta wuni ko ɗigo bai wuce maƙogwaronta ba. Leɓɓanta suka tsattsage. An kai ta asibiti, ledar ƙarin ruwa ta ƙi sauka. Kowace magariba sai jifa, bayan jifa sai a ji ana girgiza kwaɗon nan a hankali, kamar yaro na gwada buɗewa.

Aka ɗauko Malam Giɗaɗo daga Shanga. Ya zauna kusa da kan yarinyar, ya daɗe yana karatu. Can ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ƙona ni za ka yi, Malam? Na riga na ƙone."

"Wace ce ke?"

"Mai shan randa. Ni da ɗiyana muka biyo kakar Jibrin ran da ruwa ya ci gidanmu. Mun yi rantsuwa ba mu shan tafkin da ya kore mu. Autana ya mutu a gindin famfon ga yana lasar kwaɗo."

Malam ya ce, "Ki ji tsoron Allah, yarinya ba ta yi miki komi ba. Yau za a maida randa."

"Randa za ta tada min ɗana?"

Jibrin ya durƙusa yana kuka. "Ki bar ta, ki kama ni."

Muryar ta yi dariya. "Ka ji shi, Malam, da bakinshi. To, ruwan famfonshi da wanda ya saya ba su ƙara wuce wuyanshi. Sai wanda bare ya ba shi kyauta, in ya roƙa."

Kafin Malam ya ce uffan, Hamdiyya ta yi atishawa, ta langaɓe. Da ta farka ta shanye moɗa biyu, uwarta na ta hamdala.

A daren aka cire kwaɗo, aka maida randa. Washegari Jibrin ya tara hannu a famfonsa. Ruwa na zuba, yana kaiwa baki sai busasshen tafi. Ya daure har la'asar, sannan ya ja ƙafa zuwa ƙofar Jummai, ya yi sallama da muryar da ba ta fita.

"Inna, ki taimake ni da ruwa."

Ta shiga ciki, ba ta yi sauri ba, ta fito da ɗan tulun nan.

"Sha a hankali," in ji ta. "Daga tafki na ɗebo shi, da ƙafata."