Layin Da Farfesa Ya Manta Bai Goge Ba

A shagon abincin kaji suka fara haɗuwa. Auta na jingine da buhunan dusa, ta haɗe rai tana kallon waya, don wani likitan dabbobi ya amsa mata tambaya a dandalin masu kiwo na intanet da wata kalma mai tsawon igiyar shanya. Mai Gyara, saurayin da ke gyaran injin ƙyanƙyasa, ya nuna mata yadda za ta kwafi kalmar ta ba manhajar AI. Ashe tsutsar ciki ce kawai. Auta ta yi dariya, shi kuwa tun daga dariyar nan bai sake mallakar kansa ba.

"Tsuntsuwata," ya rubuto mata wata rana, "na tambayi AI ma'anar kewa. Ta yi dogon bayani, amma ba ta kai rabin abin da nake ji ba."

"Bar wahalar da na'ura, Mai Gyarana. Ka zo kawai."

Matsalar ita ce Baba, mahaifin Auta. Tsohon malamin Turanci ne da ya koma kiwo bayan ritaya, kuma ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda waya ke yi wa tunani ba. Yana da nasa gwanin, wani tsohon ɗalibinsa da ake kira Farfesa, wanda bai taɓa koyar da ko ɗan tsako ba. Ba shi da kaza ko ɗaya, amma kullum yana dandalin. Ka tambayi ma'anar kalma ɗaya, ya amsa maka da uku da suka fi ta wuya, ya rufe da cewa masu tambayar AI malalata ne. Baba kuwa ya karanta yana gyaɗa kai, wai ga ilimi.

Har wajen Auta Farfesa ya kai gulmar Mai Gyara, ya ce mata saƙonnin da take murna da su ma na'ura ce ke rubutawa. Abin ya yi mata ciwo, ta daina amsa waya.

"Kalmomin likitoci nake kai wa AI," Mai Gyara ya rubuto. "Naki daga ƙirjina suke fitowa, shi ya sa suke cike da kurakurai."

Ta koma ta duba, kurakuran na nan birjik. Ta huce.

Sai kajin Baba suka fara mutuwa. Ya yi tambaya a dandali, wata likita ta amsa da Turancin da shi kansa ya gagare shi. Kafin ka ce me, Farfesa ya saki sharhi mai shafi guda. Sai dai gogan naka garin sauri ya kwafo har da layin farko na amsar da AI ta ba shi:

"Tabbas! Ga bayanin cikin manyan kalmomi, yadda zai burge tsohon malaminka kamar yadda ka nema."

Dandali ya kaure da dariya. Baba bai yi ba. Ya ajiye wayar a hankali, kunya ta rufe shi kamar shi aka kama.

Da yamma Mai Gyara ya zo, ya durƙusa a bakin kejin.

"Baba, ni ban gane maganar likitar ba, AI na tambaya. Ta ce cuta ce mai yaɗuwa ta ruwan sha. Amma takan yi kuskure, mu kai guda asibitin dabbobi a duba."

Suka kai, aka tabbatar da cutar, aka ba su magani. Sauran kajin suka tsira. Farfesa ya goge saƙonsa, ya ce kutse aka yi masa, ya fice daga dandalin, ba wanda ya nemi ya dawo.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun ango, ya dube shi.

"Na yi shekaru ina dukan yara don sun ce ba su sani ba, ashe maƙaryata nake ƙerawa. Kai kuwa a gabana ka ce ba ka gane ba, ba ka ji kunya ba. Ga Auta nan, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu tambaya."

Auta ta amsa da amin daga bayan ƙofa, tana share hawaye.