Takardar Jinin Suwaiba

A gosulon Nyanya, kan hanyar shiga Abuja, suka haɗu, cikin motar da ta yi awa biyu ba ta kai gari ba. Suwaiba na rungume da kular ɗanwaken da take sayar wa ma'aikata a Garki. Zakiyyu, tela a kasuwar Wuse, ya takure ya ba ta wurin sa ƙafa. Kafin su sauka ya karɓi lambarta.

"'Yar Gosulo," ya rubuto mata da yamma, "ni dai yau na gode wa Allah da hanya ta cushe."

Bayan wata bakwai aka sa rana. Sai Adda, yayarsa da ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ce babu aure sai an yi gwajin jini, kuma ita za ta karɓo sakamako. Dama Khaula, 'yar ƙawarta, ta so masa.

Takardar Suwaiba ta nuna alamar ciwon hanta nau'in C. Kai, Adda ba ta da imani! Tun a ƙofar ɗakin gwajin ta ɗauki hoton takardar, ga sunan yarinya ɓaro-ɓaro, ta watsa a guruf ɗin dangi: "Ga abin da aka so a shigo mana da shi gida. Allah ya tona asiri."

Kwana biyu hoton ya isa Garki. Masu layin ɗanwake suka watse. Mai shinkafar da ke gefenta ta ce, yadda kowa zai ji, "Ai ciwon yawon banza ne." Suwaiba ta koma gida da kula cike, tana kuka a mota.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne shirun Zakiyyu. Sai a kwana na tara saƙo ya shigo: "Ki yi haƙuri. Adda ta ce a dakata."

Suwaiba ta koma ɗakin gwajin ita kaɗai. Madam Rosemary mai ɗibar jini ta duba takardar, ta ja tsaki.

"Wa ya ce kina da ciwo? Wannan gwajin sawun ɓarawo yake nunawa, ba ɓarawon ba. An taɓa ƙara miki jini?"

"Ina 'yar shekara shida."

"To, wataƙila lokacin ya shiga, jikinki ya kore shi. Akwai gwaji na biyu da ke neman ƙwayar cutar kanta. Ko tana nan ma, akwai magani. Ai na faɗa wa matar da ta karɓi takardar."

"Kin faɗa mata?"

"Sau biyu."

Gwaji na biyu ya fito fes, babu ƙwayar cuta. Suwaiba ta tura wa Zakiyyu hoton, ko sallama babu. Kafin la'asar ga shi a ƙofar gidansu, ko zaren da ke jikin rigarsa bai kakkaɓe ba.

"Hasken idona, na cuce ki."

"Da ƙafarka na so ka zo, Zakiyyu, tun ana ce min mai ciwo. Ba takarda na so ta kawo ka ba."

Ya ciro wayarsa. A gabanta ya saka sabon sakamakon a guruf. Adda ta amsa: "Takarda ai sayenta ake yi a Abuja."

Duk da haka aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, gwaggonta ta kamo hannunta za ta damƙa wa Adda amana, kamar yadda aka saba. Adda ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Hannun amarya a miƙe, ya sha lalle, babu mai karɓa.

Sai ango ya keta cikin mata, abin da ba a taɓa gani ba, ya karɓi hannun da hannu biyu.

"Na karɓi amana, Gwaggo."

Aka rangaɗa guɗa. "Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba!"

Suwaiba ta riƙe shi gam a ƙarƙashin lulluɓi. Tana son sa, wallahi tana son sa. Kwana taran nan ne dai ba ta san ranar da za ta yafe ba.