Tanina

Duk ƙasar Sakkwato, daga Wamakko zuwa Ƙofar Kware, babu wanda ya kai Maccido sanin Italiyanci. Gaskiya ne, domin babu wani da ya taɓa gwadawa. Ya koye shi wajen maigidansa Baldi, ɗan Italiya mai sayen fatun jar akuya, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama ba.

Ranar da ya fara ganin Tani yana jera ɗaurin fata a mota, yana ƙirga da ƙarfi don a ji shi. Ya kai na tara, ya ce, "Nono!"

Budurwar da ke wucewa da ƙwarya ta juyo. "Ba na saidawa ba na, na gida na."

"Nono na tara ke nan, a bakin Italiya."

"To Allah shi ba su lahiya," in ji ta, ta tafi tana dariya.

Sati bai cika ba ya aika gwaggonsa Uwani da saƙo: "Ki ce mata, Ta-NI-na, a danna tsakiya. Ki ce ban barci."

Amsa ta dawo: "Ki ce mishi ni mace ta. Tanita aka cewa. In ƙato yaka nema shi tai kassuwa."

Maccido ya je da kansa, yana gumi.

"Su can in suna son abu sai su liƙa mai ina a wutsiya. Ƴar ƙaramar Tani abin ƙauna, shi na nuhi."

"In ba su son shi hwa?"

"Sai su sa ona. Tanona, ƙatuwar Tani."

"Tsaya ga ta hwarko," ta ce, tana kallon ƙasa.

Saura mahaifinta, Malam Tambari, masanin nahawu, wanda ya riga ya karɓi huhun goro daga Lawali, wani attajiri Bakano. Ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga mai lauye harshe da yaren Nasara ba. Da Uwani ta matsa, ya yarda a kawo yaron ya ji ɓarnar da kunnensa.

"Yaren nan naku, yana da ƙa'ida ko hayaniya ta?"

"Allah shi gafarta Malam, har shadda gare su. Nono na tara, non-no kaka. Shaddar na raba harafin biyu, rabi nan, rabi can. Wanda duk ya sassauta ya maida kakanai lissahi."

Malam ya gyara zama. "Kamar hul-la?"

"Kamar hulla, Malam."

Malam ya juya wajen Lawali, da ke gefe cikin babbar riga. "Mi a kanka?"

"Hula ce, Malam."

Malam ya yi masa kallon ta'aziyya. Shekara talatin yana faɗa wa Kanawa sun zubar da shadda, ashe shaidunsa suna bayan teku.

Aka ɗaura auren Maccido da Tani bayan Sallah. Baldi ya kai amarya a motar fata, tsofaffi suna toshe hanci suna sa albarka, Allah ya ba da zuri'a mai riƙe shadda. Maccido ya raɗa mata, "Tanina." Ta ce, "Na'am," ba ta gyara masa ba.

Goron da aka raba kowa ya yaba, ɗan Gwanja ne mai kyau. Lawali ya karɓi guda biyu daga cikin huhunsa, ya yi godiya, ya gyara hularsa.